Hoton Ƙanena A Shafin 'Yan Sikawut

Da farko ina neman 'yan'uwana ɗalibai su yi mini uzuri. Na san an saba ganin wannan fili cike da maganar nahawu da adabi da al'ada, ga shi ni kuma na zo da maganar 'yan sikawut da intanet. Wani abu ne ya faru a gidanmu a lokacin hutun da ya wuce, ya tsaya mini a rai, na ga idan ban amayar da shi a nan ba, ban san inda zan kai shi ba. In mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, zai ga cewa maganar ba ta rasa alaƙa da abin da muke karantawa ba.

Ni ma na yi sikawut a firamare. Na sa gajeren wando da ƙyalle a wuya, na rataya usur, na yi fareti a rana ranar 27 ga Mayu ta bikin yara har ƙafata ta yi bororo. A can na koyi ƙullin igiya da kafa tanti da yadda ake ɗaure wa wanda ya ji ciwo rauni kafin a kai shi asibiti. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa maƙiyin ƙungiyar ne ya ɗauko alƙalami. Ni na matsa wa Inna ta bar ƙanena ya shiga rundunar unguwarmu, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Malamin da ke riƙe da rundunar matashi ne mai ƙwazo, ba a biyansa ko sisi, sau da yawa ma daga aljihunsa yake saya wa yara ruwan sha. Shi ya buɗe wa rundunar shafi a intanet domin iyaye su riƙa ganin abin da ake ciki. Da za su tafi zangon kwana uku a bayan gari, sai ya jera yaran ya ɗauke su hoto, ya sa a shafin, ya rubuta cikakken sunan kowane yaro da ajinsu. Ya faɗi wurin da za a yi zangon, da ranar tashi, da tashar da za a hau mota. Domin kuma kada a zarge shi da cin kuɗin jama'a, sai ya ɗauki hoton littafin da iyaye suka biya kuɗi ya sa shi ma. A cikin littafin nan akwai sunan kowace uwa ko uba da lambar waya.

Rana ta biyu da tafiyarsu, da hantsi, wani mutum ya kira Inna. Ya kira ta da sunan da 'yan unguwa ke kiranta, wato da sunan ƙanen nawa. Ya ce shi ma'aikacin jinya ne, yaron ya faɗo daga bishiya a wurin zango, hannu ya karye, ana bukatar kuɗi yanzu-yanzu kafin likita ya taɓa shi. Ya faɗi sunan wurin daidai, ya faɗi sunan malamin daidai. Inna ta kira malamin, waya ba ta shiga, domin wurin ba shi da sabis sosai. Uwa kuwa ba ta zama ta yi lissafi idan an ce ɗanta na kwance. Ta ɗauki kuɗin adashinta da ta kwasa a makon nan, ta tafi shagon masu tura kuɗi ta tura. Sai da yamma aka sami malamin, ya ce yaro lafiyarsa lau, ga shi can ma yana fere doya. Daga baya muka ji cewa an kira wasu iyaye mata biyu da irin wannan labari.

Da suka dawo na je na same shi. Na ce, “Malam, don Allah wa ya ba da izinin a sa sunayen yaran nan da lambobin iyayensu inda kowa zai gani?” Ya ce, “Haba ɗan'uwa, ai iyaye sun sa hannu.” Ya ɗauko takardar ya nuna mini. Da Turanci aka rubuta ta, kuma can ƙasa akwai layi ɗaya da ke cewa rundunar tana iya amfani da hotuna da bayanan yaro a harkokinta. Inna tana karanta ajami, tana karanta Hausar boko, amma Turanci sai dai a karanta mata. Ita a saninta takardar izinin tafiya ce ta sa wa hannu. Malamin ya yi shiru, ya ce wallahi bai taɓa kawo haka a ransa ba. Na yarda da shi. Abin da ya dame ni ke nan: mutumin kirki ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da ake sawa, ga abin da ba a sawa.

Wannan ya sa na shiga neman yadda waɗanda suka riga mu shiga harkar suke yi. Kamar yadda aka sani, Baturen Ingila Robert Baden-Powell ne ya fara sikawut da wani zango da ya yi da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a shekarar 1907. Ƙungiyar ta kafu a Amurka a 1910, ta iso Nijeriya a 1915. Ta Amurka ce na fi duba ƙa'idojinta, wadda aka daɗe da sani da Boy Scouts of America kafin ta sauya suna zuwa Scouting America a 2025, bayan ta fara karɓar 'yan mata.

Tun lokacin da rundunoni suka fara buɗe shafukansu, rassan ƙungiyar suka riƙa ba su ƙa'idoji waɗanda in ka duba za ka ga duk abu ɗaya suke kewayawa. Kada a sa abin da zai sa baƙo ya gane yaro ko ya iso gare shi, wato cikakken suna da adireshin gida da lambar waya. Kada a sa hoton yaro sai da izinin iyayensa. Babban mutum ne zai ɗauki alhakin abin da ke fita a shafin, ko da kuwa yara ne suka fi shi iya kwamfuta. Kada a bar wata kafa da kowa zai shigo ya rubuta abin da ya ga dama ba tare da an tace ba. Sannan kada a mai da shafin kasuwa ko dandalin siyasa.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ƙa'idar manya biyu. A wurinsu ba a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya ba, ko a tanti, ko a mota, ko a hanya. Da waya ta zo, sai suka ce ai saƙo ma keɓewa ne. Domin haka duk malamin da zai aika wa yaro saƙo ko ya kira shi, dole a sa wani malamin ko ɗaya daga iyayen yaron a ciki. Shafin runduna ma sun nemi ya zama aƙalla mutum biyu ne ke riƙe da makullinsa.

Kada mai karatu ya zaci tsabar wayo ne ya kai su ga wannan. Wuya suka sha. A shekarar 2012 kotu a jihar Oregon ta sa aka fito da wasu takardun sirri na ƙungiyar, na tsakanin 1965 zuwa 1985, masu ɗauke da sunayen manya fiye da 1,000 da aka zarga da lalata da yara. A watan Fabrairu na 2020 ƙungiyar ta je kotu ta bayyana karayar arziki saboda yawan ƙararraki. Mutane fiye da 82,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara, kuma a 2022 kotu ta amince da asusun diyya na dala biliyan 2 da miliyan 460. Galibin wannan ɓarna an yi ta ne tun kafin intanet ta shiga gidaje. Abin lura shi ne mugu yakan nemi inda aka tara yara, aka kuma yarda da duk wanda ya sa yunifom. Da can sai ya zo da ƙafarsa ya nemi shiga. Yanzu yana iya zama a ɗakinsa ya san sunan yaro da fuskarsa da ranar da zai fita daga gida. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a unguwa. Na ɗaya, ai mu ba Turawa ba ne, a wurinmu ɗa na kowa ne, kowa ya san ɗan gidan wane da ajinsu, to mene ne abin ɓoyewa? Gaskiya ne mai shayi ya san ƙanena, mai faci ya san shi. Amma su ma mun san su, mun san gidajensu, in sun yi ba daidai ba akwai mai unguwa. Kowan da ke cikin karin maganar nan kowa ne da ke da fuska. Wanda ya kira Inna ba mu san ko a wace jiha yake ba. Shafin intanet bai san iyakar unguwa ba, kuma duk wanda ya sa abu a ciki ya ɗauka ya manna shi ne a tsakiyar tashar mota.

Na biyu, sun ce runduna tana bukatar a san da ita domin ta sami sababbin yara da masu taimako, kuma yara suna murna in sun ga kansu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Rundunar da ba a ganin aikinta mutuwa take yi. Sai dai ana iya nuna aikin ba tare da an miƙa yaron ba. Hoton yara daga nesa suna kafa tanti ko suna share magudanar ruwa ya fi ma nuna amfanin sikawut a kan jerin fuskoki da sunaye. Labarin zango kuma ana iya ba da shi bayan an dawo. Wanda yake so ya ba da gudummawa bai bukaci sanin ƙarfe nawa mota za ta tashi ba. A ƙasar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, aka sake kwashe wasu a Kuriga a watan Maris na 2024, ban ga dalilin da zai sa a yi shelar cewa yara 40 za su kwana a daji wuri kaza ranar kaza ba. Ba ina cewa intanet ce ta kai ɓarayi waɗancan makarantu ba. Ina cewa ne bai kamata mu sauƙaƙa wa na gaba aiki ba.

Akwai kuma abubuwa biyu game da hoto da yawancinmu ba mu damu da su ba. Wayar zamani, in an bar mata manunin wuri a kunne, takan ajiye ainihin wurin da aka ɗauki hoto da lokacin a cikin hoton kansa. Manyan kafofi irin su Facebook sukan cire wannan bayani daga hoton da jama'a ke gani, amma in aka ɗora hoton kai tsaye a shafin da runduna ta gina da kanta, ko aka aika shi a matsayin fayil, bayanin yana nan, kuma karanta shi ba ya bukatar wani ilimi mai zurfi. Na biyu, abin da ya hau intanet gogewa ba ta cika raba shi da duniya ba. Tun 1996 akwai wata ma'ajiya mai suna Internet Archive da ke adana kwafin shafuka, ban da duk wanda ya riga ya sauke hoton a wayarsa. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda da ita ake ɗaukar fuskar mutum a ɗora a jikin da ba nasa ba. Yaron da aka ɗauka yana wanka a rafi ba riga, ko yana kuka don ya kasa hawa igiya, zai girma ya nemi aiki ya nemi aure, hoton yana nan yana jiransa. A ganina irin wannan hoto bai kamata ma a ɗauka ba, balle a yi shawarar sa shi.

Duk da haka ba komai na Amurkawa zan ce a kwaso ba. A ƙa'idar da suka fitar game da kafofin sada zumunta sun fi son shafin runduna ya zama a buɗe kowa na gani, domin a ganinsu ɓarna a ɓoye take faruwa. Na fahimci dalilinsu. Amma a nan wurinmu, inda barazanar ta haɗa da damfara da satar mutane, ni na fi ganin a raba abin gida biyu. A bar shafi na fili wanda ba suna, ba lamba, ba jadawalin tafiya. Sannan a yi rufaffen zaure na iyaye da malamai, a WhatsApp ko makamancinsa, inda za a faɗi ranar tashi da maganar kuɗi, manya biyu ko uku suna kula da shi, kuma ba a shigar da lambar da ba a san mai ita ido da ido ba. Rufewar ba ta zama keɓewa ba muddin iyaye suna ciki. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne malami ya riƙa hira da yaro shi kaɗai a waya. Wannan ƙa'ida tana kare yaro, tana kuma kare malamin kirki daga ƙazafi.

Ta fuskar doka ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba, sanin ne ya yi ƙaranci. Amurka ta yi dokar kare sirrin yara a intanet a 1998, ta fara aiki a 2000, ta hana kamfanoni tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da yardar iyaye. Da ita aka ci kamfanin Google tarar dala miliyan 170 a 2019 saboda YouTube. Ita ce kuma asalin abin da ya sa Facebook ke cewa sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, ko da yake duk mun san 'yan firamare nawa ne suka ƙara wa kansu shekaru. A Nijeriya muna da dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta nemi a sami amincewar uba ko uwa ko mariƙi kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ƙungiyar sikawut ta duniya ita ma ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a taronta na 2017 a Baku. Takardu dai akwai su. Amma tsakanin takardar da ke Abuja da malamin da ke riƙe da waya a filin makarantar unguwa akwai tafiya mai nisa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Doka ta ce a nemi amincewa. To shin matar da ta sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba, ta amince ke nan? Ni a ganina ba ta amince ba, an dai karɓi sa hannunta. Da na zauna zan rubuta wa rundunar tamu sabuwar takarda da Hausa, sai na gane aikin ba wasa ba ne. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga wannan haƙƙi, in ka ce “sirri” sai uwa ta ce ai sunan ɗanta ba sirri ba ne, an yanka rago an faɗa wa duniya. In ka ce “rufin asiri” sai a ɗauka wani abin kunya ake ɓoyewa. A ƙarshe na bar neman kalma ɗaya, na koma tambayoyi da kowa zai gane. Kin yarda a sa hoton ɗanki inda wanda ba ki sani ba zai iya gani? Kin yarda a sa shi cikin taron yara kawai, ko har shi kaɗai? Kin yarda a rubuta sunansa? Kowace tambaya da wurin “e” da wurin “a'a”, kuma aka rubuta ƙarara cewa wanda ya ce a'a ba za a hana ɗansa zuwa zango ba, in kuma ya sake shawara daga baya za a cire hoton. Na ƙara layi ɗaya na yaron kansa, domin ɗan shekara 11 ya san hoton da yake jin kunyarsa.

Mu da muke kwana muna gardama a kan ƙa'idojin rubutu da fassara, ga wurin da ake bukatarmu. Kuma ba sikawut kaɗai ba. Duk ƙungiyar da ke tara yara cikin yunifom, da 'yan agaji da 'yan birged da 'yan gaid, da makarantun da ke sa hoton wanda ya zo na ɗaya tare da cikakken sunansa da na mahaifinsa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wanda ya koma gida hutu ya tambayi ƙannensa ko suna cikin wani shafi, ya buɗe ya duba da idon baƙo: in ni mugu ne, me na samu a nan?

Wani abu ƙarami da na lura da shi a shafin namu shi ne tallar takalman da malamin ke sayarwa, da hoton wani ɗan takara da ya ba rundunar kyautar tantuna. Ban ga laifin neman halal ba, ban kuma ce a mayar da tantuna ba. Amma iyayen yaran nan ba jam'iyya ɗaya suke ba, kuma ba su ba da 'ya'yansu don a yi talla da fuskokinsu ba. Godiya a wasiƙa ta wadatar.

Malamin dai bai yi gardama ba. A gabana ya goge hoton littafin kuɗi da jerin sunaye, ya ba wata uwa da ke koyarwa a makarantar makullin shafin domin su zama su biyu. Aka kuma yi yarjejeniya a taron iyaye cewa runduna ba za ta taɓa neman kuɗi ta waya ba, in wani abu ya sami yaro mutum za a aiko gida, sannan a kowane zango za a bar lambar wani babba da ya rage a gari wanda za a iya samu kowane lokaci. Daga cikin iyayen da suka cike sabuwar takardar, da yawa sun yarda da hoton taro, kaɗan ne suka yarda a sa suna.

Kuɗin Inna ba su dawo ba. Mun kai ƙara, aka karɓi lambar da aka kira ta da ita, har yau shiru. Ƙanena kuwa fushi yake yi da ni, wai na sa an cire hotonsa da ya fi so, wanda yake riƙe da tutar runduna. Na kai hoton an wanke mini shi babba, na sa a firam, Inna ta rataye shi a ɗakinta. Ya ce ai abokansa ba sa shiga ɗakin Inna. Zango na gaba a hutun ƙarshen shekara ne, kuma ya riga ya fara tara kuɗin mota.